Kaset ɗin da Ba a Kunnawa a Makka

Mutumin da ya ɗauko ni daga filin jirgin Jidda ya sauke ni a bakin wani lungu a Tandabawi, wata unguwa a Makka, ya ce in jira shi zai je ya kira kafilina, wato Balaraben da bizata take ƙarƙashin sunansa. Na zauna a kan jakata tun da hantsi har aka kira la'asar. Mutane masu kama da ni suna ta wucewa suna Larabci, ni kuwa abin da na iya na Larabci bai wuce na salla ba. Shi mutumin ban sake sa shi a ido ba.

A Kaduna sana'ata kaset ce. Ina da ɗan shago a kasuwa, ina ɗaukar wa mutane wa'azi da waƙoƙin Hausa da na Indiya, amma abin da aka san ni da shi shi ne kantiri, waƙoƙin nan na kaboyin Amurka. Tsofaffin ma'aikatan reluwe da sojoji masu ritaya da direbobin tirela su ne abokan cinikina. Mutum zai zo ya yi mini gunjin waƙa da hanci, ya ce wadda ake sawa a rediyo ranar Lahadi da safe, in gaya masa mawaƙin, in gaya masa shekarar da ta hau lamba ɗaya a ƙasarsu, in ɗauko masa. Sai waya da memori suka zo suka kashe mana kasuwa muna kallo. Na sayar da shagon na ba wani eja mai kai mutane Saudiyya kuɗin, ya ce akwai aiki yana jirana a shagon sayar da ƙira'a kusa da Harami. Matata Hadiza da 'ya'yanmu mata na bar su a gidan yayana, ɗaki ɗaya.

Wanda ya tsince ni a lungun nan wani dattijo ne ɗan Maraɗi, Laminu. Ya wuce ni da ledar burodi, ya dawo ya same ni inda nake, ya tsaya ya ƙare mini kallo.

“Kai kuma wa kaka jira?”

Na gaya masa. Bai yi mamaki ba ko kaɗan. Ya ce in ɗauko jakar, wanda nake jira ya riga ya ci abincin rana a Jidda. Ɗakinsu mu da yawa ne a ciki, katifu a jingine da bango da rana, da na'urar sanyaya ɗaki mai ƙara kamar injin niƙa. Ya raba burodinsa biyu, ya turo mini kwanon wake, bai tambaye ni ko ɗan wane ne ni ba. Tun daga ranar nake ce masa Baba Laminu.

Kafilin nawa sau ɗaya na gan shi, ta gilashin mota. Ya miƙo mini iƙama, katin zama ke nan, an rubuta lebura a kai, ya ce in je in nemi aiki duk inda na samu. Shagon ƙira'a dai babu shi, ba a ma taɓa yin sa ba. Na yi dako a Aziziyya lokacin alhazai, na ɗauki bulo a wani gini har fatar kafaɗata ta saɓule, mai aikin ya sallame mu da alkawari. Daga baya Baba Laminu ya shigar da ni inda yake aiki, wurin wankin mota a Kudai, ƙarƙashin wani ɗan Yaman. Da shekara ta zagayo iƙamata ta mutu, na kira kafili don a sabunta, lambar ta daina shiga.

Kewar gida kuwa ba a magana. Ka ga Ka'aba da idonka ka yi kuka don daɗi, ka dawo ɗaki ka sake yin wani kukan don ka tuna ƙaramar 'yarka ta fara tafiya ba ka nan. Na yi kewar ruwan sama. Na yi kewar waƙoƙina ma, ba zan ɓoye ba, amma ban taɓa kawo wa raina akwai mai jin irinsu a garin ba. Ni a lokacin duk Balaraben da na gani da gemu, Shehi ne a wurina.

Ana nan sai hukuma ta ba da wa'adi. Duk baƙon da takardunsa ba su daidai, ya nemi kafili na gaskiya ya koma ƙarƙashinsa kafin wa'adin ya cika, in ba haka ba a kama shi a kai shi Shumaisi, wani wuri a hanyar Jidda inda ake tara mutane kafin a mayar da su ƙasashensu. Tarhil suke ce wa abin. Ni idan aka mayar da ni, zan koma ba shago, ba jari, ban ma sauke farali ba, in je in tsugunna a zauren yayana. Kullum da wannan nake kwana nake tashi. Na yi yawon neman wanda zai karɓe ni har takalmina ya cinye, kowa sai ya ce yana da mutanensa.

Cikin wannan hali wata doguwar tsohuwar motar Amurka ta shigo wurin wankinmu. Mai ita ya fito da sanda, farin gemu har ƙirji, carbi a hannu, goshi da tabon salla. Na gaishe shi har ina rusunawa. Ya tafi masallaci, ni aka ba sharar cikin motar. Ina goge gaba sai na ga rikoda irin ta da, kaset ya maƙale rabi a waje, zarensa ya zubo ya cukurkuɗe. Hannuna ne ya riga tunanina, na lallaɓa na zaro shi. Da na duba takardar jikinsa sai gabana ya faɗi. Rubutun biro ne da ya koɗe, da Turanci, sunayen mawaƙan da na yi shekaru ina ci da su.

Nan take na yanke hukunci: wani ɗan iskan yaro ne, ɗa ko jika, ya ari motar Shehi ya bar wannan abin kunya a ciki. Idan sauran ma'aikata suka gani, ko shi bawan Allah ya gane abin da ke ciki, ina zai sa kansa? A gidanmu an koya mana rufa wa babba asiri. Na cusa kaset ɗin a aljihu da niyyar jefawa a shara, ina jin kaina kamar na yi aikin lada.

Sai dai hannun mai kaset ba ya iya jefar da kaset. Washegari Juma'a ba aiki da safe, na zauna a ɗaki na kwance sukurorinsa da bakin wuƙa. Na warware zaren a hankali, inda ya yamutse na goge shi da bayan cokali mai ɗumi. Wuri ɗaya rikodar ta tauna shi sosai, dole na sa reza na yanke kamar tsawon ɗan yatsa, na haɗa bakin da siririn salatif, na naɗe da biro. Baba Laminu yana kishingiɗe yana kallona. Ya ce mutane na neman kafili, ni ina jinyar kaset.

Ranar Asabar motar ta dawo da gudu. Dattijon da na ɗauka ko ƙuda ba zai iya kora ba ya fito yana buga sanda a ƙasa. Ɗan Yaman ya jera mu a rana, ya ce an ɗauki abu a motar Ammi Salih, wato Kawu Salih da Larabci, in ba a fito da shi ba yanzu zai kira 'yan sanda. A layin nan babu mai cikakkiyar takarda ko ɗaya. Na ga idan na yi shiru kowa zai tafi saboda ni. Na fito, na sa hannu a aljihu, na miƙa masa.

Ya juya kaset ɗin, ya ɗaga shi sama yana leƙen zaren da ya naɗu tsaf. Ya dube ni. Ya nuna motar da sanda ya ce in shiga. Baba Laminu ya biyo ni har bakin ƙofa, muryarsa ƙasa-ƙasa.

“In sun kai ka, ka ce a kira ni. Ni kawo maka jakarka.”

Muka kama hanya. Da na ga allon da ke nuna Jidda sai na sallama. Duk addu'ar da na sani na karanta, har da ta shiga kasuwa. Na fara shirya abin da zan gaya wa Hadiza. Muka wuce alamun iyakar Harami, inda ƙasa mai alfarma ta ƙare, can na hango dogayen katangun Shumaisi da motocin bas a bakin ƙofa. Na rufe ido ina jiran motar ta rage gudu. Ba ta rage ba. Sai da muka yi gaba sosai ya sauka daga titi ya tsaya a inuwar wani gidan mai, ya ɗauko kaset ɗin zai tura a rikoda.

Ni da nake ganin kaina fursuna, sai ga ni na riƙe hannun Balarabe. Da Turanci na ce ya dakata, rikodar nan ce ta ci shi, za ta sake ci. Ya saki baki yana kallona, ya amsa da wani Turanci mai ja kamar na cikin waƙoƙin. Na nemi turaren fesawa, ya ciro a aljihun mota. Na jiƙa bakin rigata na sa ɗan yatsa na goge kan rikodar da 'yar robar da ke jan zare, baƙin datti ya fito. Sannan na ce bismilla.

Muryar wani Ba'amurke mai gabatar da shiri ce ta fara fitowa, yana ƙirgo waƙoƙin da suka fi tashe a makon, daga ƙasa zuwa sama. Sai jita ta shigo. Wallahi ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Na ji ƙamshin shagona, na ga tsofaffin nan a kan benci suna gardama. Kafin mai shirin ya faɗi sunan mawaƙi na riga shi, dattijo ya juyo ya dube ni, na biyu ma haka, a na uku ya buga sitiyari yana dariya.

A nan ya ba ni labari. Yana saurayi aka tura shi karatun injiniya a Texas, ya zauna haya a gidan wata tsohuwa da mijinta ya mutu. Ita ta koya masa jin waɗannan waƙoƙi, ita ta daina sa naman alade a tukunyarta saboda shi, in azumi ya zo ta ajiye masa abinci a murhu. Makon da zai dawo gida ta ɗaukar masa shirin daga rediyo ta rubuta sunayen da hannunta. Tun da ya dawo bai taɓa kunna shi a cikin iyakar Harami ba. Duk Alhamis yake fitowa nan ya ji gefe ɗaya, ya juya ya ji ɗayan, ya koma gida. A wannan Alhamis ɗin ne rikodar ta cinye shi.

Na tambaye shi ko don haramun ne. Ya ce, “Ban ce maka halal ba, ban ce maka haram ba, malamai suna nan. Ni dai maƙwabcin ɗakin Allah ne, kunya nake ji.”

Sai ya tambaye ni dalilin da ya sa na ɗauka. Na gaya masa gaskiya, har da ɗan iskan yaron da na zarga. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, ya kama gemunsa ya ce to ga yaron nan a gabana.

Waƙar da ta zo lamba ɗaya a makon ta wani manomi ce da fari ya koro shi birni yana aikin gini, kullum yana tare direbobin da suka fito daga garinsu yana tambaya ko an yi ruwa. A tsakiyarta ne na yi yankan. Da aka zo wurin, waƙar ta yi tsalle, na ga fuskarsa ta canza. Sai na buɗe baki na cike masa abin da ya ɓace, da muryata irin ta mai tallan kaset. Ya mayar baya, muka sake, wannan karon tare. Daga nan muka shiga gardamar wane ne ya fi murya tsakanin mai waƙar da wani mawaƙin kantiri mai farar malafa da mutanen Arewa suka ɗauka kamar ɗan gida. Bai yarda da ni ba, har ya bar duniya bai yarda ba, Allah ya jiƙansa.

A hanyar dawowa na tuna akwai shingen askarawa kafin a shiga Makka. Na ce, “Ya Ammi, iƙamata ta mutu.” Ya hau ni da faɗa, wai me ya hana ni faɗa tun kafin mu fito. Na so in ce ai ban san yawon shan iska za mu ba, na haɗiye. Allah ya taimaka askarin ya ga farin gemu ya ɗaga mana hannu. Ya sauke ni a Kudai, ya ce na gode, ya ja motarsa.

Shi ke nan. Kwanaki suka yi ta tafiya ba labarinsa. Baba Laminu ya samu abin tsokana, da na yi tagumi sai ya ce in rera musu ta manomin, tunda ita aka ba ni maimakon takarda. Wa'adi ya matso, aka fara kame a unguwanni, 'yan ɗakinmu suka fara raguwa. Na ɗaure jakata na ajiye a bakin ƙofa. Na ji haushin Ammi, na kuma ji haushin kaina da na sa rai, don bai yi mini alkawarin komai ba.

Wata safiya sai ga motar, da shi da babban ɗansa Halid, wani mai ƙiba da ke ta duba agogo. Ashe duk kwanakin nan rigima ake a gidansu. Halid ya yi mini bayani a gajarce: gurbi ɗaya gidan ke da shi na ɗaukar baƙo, na direban gida ne. Ya tambaye ni ko na iya tuƙi. Baba Laminu ya taka mini ƙafa da ƙarfi. Na dubi Ammi, na ga ba zan iya yi masa ƙarya ba, na ce keke kaɗai na iya. Halid ya watsa hannuwa ya juya wurin ubansa da Larabci mai zafi. Uban ya bari ya gama.

“Na ce maka ina neman mai tuƙa ni? Tun ba a haife ka ba nake tuƙa kaina. Zai koya. Ka je ka yi abin da na sa ka.”

Halid ya yi, kuma ba zan ci haƙƙinsa ba, ya yi da gaske. Shi ya bi layi a ofisoshi cikin cunkoson masu gyaran takardu, shi ya tono inda tsohon kafilina yake ya karɓo fasfona da ya riƙe. Yana yi yana mita, amma bai fasa ba. Na roƙi Ammi ko akwai abin da za a yi wa Baba Laminu. Ya tambaya, aka ce babu, domin shi da bizar umara ya shigo tun shekaru masu yawa, ba shi da abin da za a gyara. Da na gaya wa Baba Laminu sai ya ce dama ya sani, in daina ɓata bakina, in riƙe abin da Allah ya ba ni da kyau.

Katina ya fito saura kaɗan wa'adi ya cika. Na koma ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidan Ammi. Ba a yi mako biyu ba aka kai samame wurin wankin, aka kwashe su duka, har da Baba Laminu da soso a hannu. Na je Tandabawi na haɗa kayansa. Ranar Alhamis na roƙi Ammi mu tsaya a Shumaisi. Ya tsaya, ya fito da sandarsa ya yi magana da na bakin ƙofa har suka karɓi jakar. Ba su bari na ga Baba Laminu ba. Sai bayan wata guda ya kira ni daga Maraɗi, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce na manta masa takalmansa na Juma'a. A ranar dai da muka kai jakar ba mu kunna kaset ba. Mun zauna a gidan man, ya saya mana shayi, muka sha muka juyo.

A shingen shiga Makka wannan karon askari ya tsayar da mu. Ya leƙo ta gefena ya ce, “Iƙama.” Na ciro katin na miƙa masa. Ya karanta, ya dube ni a kujerar mai zaman banza, ya dubi tsoho mai sanda a kan sitiyari, ya sake duba katin.

“Nan an rubuta direba.”

Ammi ya ce, “Shi ne direban. Sabo ne, hanya nake nuna masa.”

Askarin ya yi dariya ya miƙo mini katina da hannu biyu. Na riƙe shi a cinya har muka shiga gari, sai da Ammi ya ce in mayar aljihu, ba mai ƙwace mini.

Ya ce mu wuce Harami mu yi magariba. Tun da iƙamata ta mutu nake shiga masallacin nan kai a sunkuye, ina raɓewa a bayan alhazai. Ranar na bi ta tsakiyar ƙofa, na yi wa askarin da ke tsaye sallama, ya amsa. A sujada na yi wa Ammi addu'a, na yi wa Halid, na yi wa Baba Laminu da ke bayan katanga. Sai tsohuwar nan ta Texas ta faɗo mini, wadda ban san sunanta ba, ban san a kan me ta mutu ba, ta zauna gaban rediyo tana ɗaukar wa ɗan mutane waƙa don kada ya yi kewa. Na rasa yadda zan sa ta a addu'a. Na daɗe goshina a ƙasa, sannan na ce, “Ya Allah, kai ka san ta.”